Yadda ake kwashe kayan gida kaf ba tare da an juye su duka a bola ba

Aikin kwashe gida kala-kala ne. Wani ɗan haya ne ya tashi ya bar tarkace mai gida yana so ya zuba sabbin mutane, wani gidan gado ne za a sayar a raba kuɗin, wani tsohon gini ne za a rushe a ɗora sabo, wani kuma ma'aikaci ne aka yi wa canjin gari ba zai iya jan komai da komai ba. Ni a Kano nake wannan sana'ar da yarana, don haka kasuwannin da zan ambata na nan ne da ɗan na Kaduna, kai sai ka nemi makamancinsu a garinku. Abin da sabon shiga yake yi shi ne ya kira a-kori-kura ko tifa a loda komai a cakuɗe, a je bayan gari a juye ko a cinna wuta, to wannan asara biyu ce, ka zubar da kuɗi kuma ka zuba wa mutane guba a iska da ruwa. Ƙa'idar da muke bi ita ce ba a ɗaga kaya sai an san inda za shi, kuma ga jerin masu haƙƙi a kansa: mai shi tukuna, sai wanda zai mora yadda yake, sai mai gyara, sai mai narkawa ko niƙawa, bola ita ce ta ƙarshe.

Kayan da za ka tanada

Safar hannu mai kauri irin ta leburori, ba ta asibiti ba, da takalmi rufaffe mai taurin ƙasa, kar ka yarda yaro ya shigo maka aiki da silifas domin ƙusa mai tsatsa ba ta sallama. Wanda ya daɗe bai yi allurar tetanos ba ya je ya yi. Takunkumi, in ka samu N95 shi ne daidai, in babu ka haɗa na kyamis guda biyu, jiƙaƙƙen ƙyalle kuwa na ƙurar yau da kullum ne kawai.

Buhuna masu yawa, tsofaffin buhunan shinkafa ko na siga sun isa, da biro mai kauri irin na rubutu a jikin kwali. Tamfol ko leda mai kauri ta shimfiɗa. Sukundireba, filaya, sifana, guduma, zarto, wuƙa, ƙarfen ɓanɓare ƙusa, salatif na lantarki. Baro, shebur, manjagara, tsintsiya, bokiti biyu, da Hypo ko Jik. Tocila mai kyau. Auduga, aidin da bandeji.

Sai abu uku da mutane ke rainawa alhali su ne ke kawo kuɗin: maganaɗisu, sikelin rataye naka na kanka, da littafin rubutu tare da waya mai kyamara. Maganaɗisu ba sai ka saya ba, ɓalle na bayan tsohuwar sifika ya ishe ka.

1. Ku gama magana kafin ka taɓa ko cokali

Ka tambaya a fili: wa ke da kayan nan, kuma wa ya ba da izini? In ɗan haya ne ya tashi, mai gida ya nuna maka an sanar da shi kuma an ba shi lokaci, ka kira mai unguwa ko wani dattijon layin ya zama shaida. In gidan mamaci ne to nan ake taka-tsantsan sosai, domin duk abin da ke ciki har tabarmar ƙofar ɗaki dukiyar magada ce, ana fitar da bashi da wasiyya tukuna kafin a raba, babu wani ɗa guda ɗaya da zai ce maka "kwashe kawai Malam, na ba ka" alhali akwai ƙannensa mata da marayu ƙanana a ciki. Ka ce a kawo maka wakilin da duk suka yarda da shi. Kuma in akwai matar da ke takaba, wata 4 da kwana 10 ɗin nan a ɗakinta za ta yi su, ka bar ɓangarenta sai ta fita, sannan kayan ɗakinta nata ne ba na gado ba, kar a haɗa.

Maganar kuɗi hanya uku ce. Ko a biya ka ladan aiki duk abin da aka sayar na masu gida ne, ko a bar maka kayan a matsayin lada, ko ku yi kaso. Ni na fi son ta farko ko ta uku, domin ta biyu ita ce ke jawo "ashe akwai janareto a sito ba mu sani ba" bayan sati ɗaya. Ko wacce kuka zaɓa a rubuta a sa hannu, a ƙara da cewa kuɗi, zinari da takardu in an tsinta na masu gida ne ko da wace hanya aka bi.

2. Zagaye na farko, hannu a aljihu

Ka shiga kowane ɗaki ka ɗauki hoto daga bakin ƙofa kafin a motsa komai. Kashe wuta daga babban makunni, cire wayar inbata da ta sola in akwai, rufe tukunyar gas ka fitar da ita inuwa. Buɗe tagogi. Ɗakin da ya daɗe a kulle, musamman sito da ɗakin hatsi, a bar shi ya sha iska kamar rabin awa, kuma kar kowa ya zura hannu ƙarƙashin buhu ko bayan sif sai an haska an zungura da sanda, kunama da maciji suna son irin wurin.

In ka ga kashin ɓera kar ka sa tsintsiya a busasshe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutum, kuma ya fi yawa da rani lokacin da ƙura ke tashi. Ka dama Hypo a ruwa ka yayyafa ya jiƙa, a jira minti goma sannan a kwashe da shebur. Hatsin da ɓera ya yi wa fitsari ba na sadaka ba ne, a binne shi.

3. Raba tsakar gida

Shimfiɗa tamfol ka ware wurare ka rubuta a kwali: na masu gida, na sayarwa, na kyauta, na gyara, ƙarfe, roba, takarda da kwali, kwalba, masu guba, shara. Wurin masu guba ya zama inuwa nesa da rijiya da yara. In gidan ba shi da tsakar gida, misali fulat a bene, ka fara kwashe falo ka mayar da shi wurin tantancewa. Da damina kwali da katifa da tufafi su zauna a rumfa, kwalin da ya jiƙa ba mai saya.

Ɗaki ɗaya ake gamawa kafin a shiga na gaba, kuma mutum ɗaya ne ke yanke hukuncin inda kaya za su, sauran ɗauka ne nasu. Ƙofar waje a rufe. Da zarar 'yan gwangwan sun ji ƙarar ƙarfe za su taru a ƙofar gida, ka ce musu su dawo da yamma, in ka bari suka shigo ana cikin aiki ba za ka san abin da ya fita ba.

4. Takardu, littattafai da ɓoyayyun abubuwa

Wannan matakin da kanka za ka yi, gaban wakilin gida. Duk wata takarda ka duba ta: takardar fili ko ta cinikin gida, shaidar makaranta, takardun fansho, na banki, rasit, hotuna, katin ATM, layin waya. Layin waya yanzu haɗe yake da NIN da asusun banki, tsohuwar waya mai layi a ciki in ta faɗa hannun ɓata-gari an shiga uku, don haka duk waya da kwamfuta da memori a miƙa wa masu gida su goge da kansu kafin a yi zancen sayarwa. Takardun da suka ce ba sa so amma akwai suna da lambobi a jiki, a yayyaga su ƙanana a jiƙa a bokiti, kar su ƙare a hannun mai ƙosai.

Ɗakin tsohuwa kuwa sai a hankali. Za ka ɗauko kwalla ka buɗe ka ga ƙaramar samira a ciki, cikin samirar akwai tsohon ɗankwali a dunƙule, ka warware ka ga wani ƙullin leda an ɗaure da zare, a ciki ɗan kunnen zinari ne ƙwaya ɗaya da tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa. Haka suke ajiya. Saboda haka ba a jefa tsumma a buhu sai an kakkaɓe an laluba, a duba rigar filo, ƙasan katifa inda aka farke aka sake ɗinkewa, aljihun babbar riga, ƙarƙashin jaridar da aka shimfiɗa a kabad, cikin tukunyar turaren wuta. Abin da aka samu a rubuta a littafi wakili ya sa hannu nan take.

Alƙur'ani da littattafan addini da alluna ba sa shiga buhun takarda. Masu kyau a kai masallaci ko Islamiyya ko makarantar allo, waɗanda suka yayyage a tattara a tsaftataccen ƙyalle a tambayi limamin unguwa, wasu binnewa suke sa a yi a wuri mai tsarki wasu a ƙona su daban a binne tokar. In ka ci karo da rubutun hannu na da, a gafaka, na Larabci ko ajami, wallahi kar ka yi gaggawa da shi, ka nuna wa magada darajarsa, in ba za su iya adanawa ba akwai wurare irin Arewa House a Kaduna da ke ajiye irin waɗannan. Littattafan boko kuma makarantar unguwa ko masu sayar da tsofaffin littattafai za su karɓa.

5. Fitar da masu guba kafin hayaniya ta fara

Batirin mota, na inbata da na sola: a ɗauke su a tsaye, kar a kwantar, kar a zubar da ruwan ciki don wai a rage nauyi, asid ne kuma akwai dalma a narke a cikinsa. Mutanen Arewa mun san abin da dalma ke yi, a 2010 gubar dalma daga haƙar zinari ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara, kuma irin dalmar ce dai a cikin batir. Mafi sauƙi ka kai wa dilan batir, suna saye ko su rage maka kuɗin sabo. Kar ka sayar wa wanda ka san a bayan gida yake fasawa da gatari yana narkawa.

Batirin waya, na laftof da fawa bank daban ne, su wuta suke kamawa in an huda ko an danne su. Ka liƙe bakinsu da salatif, wanda ya kumbura ka saka shi a gwangwani mai yashi, masu gyaran waya irin na kasuwar waya ta Farm Centre sun san masu tara su.

Dogon ƙwan lantarki da ƙwan nan mai murɗe-murɗe akwai sinadarin makuri a cikinsu, a naɗe su a kwali kar su fashe. In ɗaya ya fashe a fita daga ɗakin a bar shi a buɗe, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma.

Maganin ƙwari da na ɓera, fiya-fiya, Sniper, maganin feshin gona, ƙwayar Phostoxin ta adana hatsi: a bar kowanne a mazubinsa, kar a haɗa, kar a juye a kwata ko masai. Wanda bai lalace ba kuma takardarsa na jiki a ba manomin da ya san shi. Phostoxin ba ta shiri da ruwa ko laima, iskar da take fitarwa tana kisa a rufaffen ɗaki, kar ta kwana inda mutane ke kwana. Jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a huda gindinta, domin in ka bar ta lafiya gobe za ka gan ta a hannun mai sayar da man gyaɗa.

Magungunan asibiti da suka wuce lokaci a tattara a kai wa mai kyamis mai rajista ko asibiti mafi kusa a roƙi su haɗa da nasu, allura da reza a zuba a gorar roba mai kauri a rufe. Baƙin mai na janareto a jarka a kai wa bakanike. Ragowar fenti mai kyau a ba mai fenti. Tukunyar gas a kai wa masu sayar da gas su duba, ko ta mutu ba a ba mai walda ya yanka haka kawai, ragowar gas na maƙalewa a ciki.

6. Kayan da ke da sauran mora

Nan ne kuɗi yake, ya fi na sayarwa a kilo nesa ba kusa ba. Kujera mai karyayyar ƙafa ɗaya in ka fasa ta ka sayar da ƙarfen ba ka samu komai ba, in kafinta ya ɗaure ta ka sayar da kujera. Gado, sif, kabad, tebur, a kwance su da sukundireba ba da guduma ba, a zuba ƙusoshin kowanne a leda a ɗaure a jikinsa. Tsohon katako irin su maɗaci da iroko na gidajen da ya fi yawancin na kasuwar yau, kafintoci na rububinsa. Wanda gara ta ci ka ƙwanƙwasa ka ji, in ya yi holoƙo itacen girki ne, amma katako mai fenti da fale-falen katakon nan na garin katako da gam ba na murhu ba ne, hayaƙinsu cuta ne.

Kayan kicin da na jere dillaliya ce maganinsu, ta san gidan da ake haɗa kayan ɗaki da ƙaramin ƙarfi, ta san mai neman tukunya lamba goma. Ka kira biyu su yi kuɗi daban-daban. Tsofaffin kwanukan tasa da na tagulla da turmi mai kyau kar a yi saurin ɗora su a sikeli, a Kasuwar Kurmi akwai masu sayen kayan da, kuma ɗaya-ɗaya suke saye.

Tufafi kashi uku: masu kyau, masu ɗan gyara, tsumma. Masu kyau in magada sun yarda a wanke a goge a bayar, gidan marayu, almajirai, maƙwabta, kuma don Allah abin da kai ba za ka iya miƙa wa mutum ido da ido ba kar ka kira shi sadaka. Masu gyara a ba tela. Tsumma bakanike da masu fenti da masu wankin mota suna so. Katifa a duba ɗinkin gefe, in ka ga ɗigo-ɗigo baƙi kuɗin cizo ne, kar ka kai wa kowa bala'i gidansa, a farke rigar a zubar, sosan a shanya a rana mai zafi kwana biyu ko uku sannan a sayar wa masu kushin da filo, a kuma faɗa musu gaskiya.

Taya akwai masu yanka takalmi da igiya da ita, tib kuma masu guga. Wanda ba na ba wa shi ne mai babbakar kai da ƙafa da taya, wannan hayaƙin a cikin naman yake zama.

7. Kayan lantarki

Gwada kowanne kafin ka yanke masa hukunci, in babu wuta ka tayar da ƙaramin janareto. Fanka, dutsen guga, rediyo, injin markaɗe, sau da yawa fis ne ko kafasito ko waya ta tsinke. Wanda ya mutu murus ma mai gyara zai saya don kayan ciki, kuma ya fi mai kilo biya.

Firiji da firiza da AC su ne sabon shiga ke yi wa ta'adi. Za ka ga an sa filaya an datse bututun baya don a cire kwamfureso, gas ya yi fiii ya tafi. Tsofaffin suna ɗauke da R12, irin gas ɗin da ke cinye rufin ozon na sama wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi, na tsakiya R134a yana ƙara ɗumamar yanayi, sababbin kuma da yawa R600a ne mai kamawa da wuta, mutum na datsewa wani na shan taba a gefe sai labari ya canza. Ka duba takardar da ke jikin kwamfureso za ka ga lambar. Ka sayar da shi ɗungurungum ga mai gyaran firiji. AC kuma mai gyara ya zo ya mayar da gas ɗin cikin na'urar waje kafin a kwance. Firiji a tsaye ake ɗaukarsa, in dole ta sa an kwantar a bar shi tsaye wuni guda kafin a kunna. Wanda zai kwana a waje a cire masa ƙofa ko a ɗaure da igiya saboda yara masu wasan ɓuya.

Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi gilashinta akwai dalma da yawa kuma in ya fashe tarwatsewa yake yi. Kar a fasa don ɗan jan ƙarfen wuyanta.

8. Ƙarfe, roba, kwali, kwalba

Ɗauko maganaɗisu. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi arha, amma shi ma a raba mai kauri irin rodi da shasi daban, langa-langa da gwangwani daban. Abin da bai kama ba ka kankare da wuƙa: ja jan ƙarfe ne, shi ne sarki a kuɗi, rawaya tagulla ce irin ta kan famfo da makulli, fari mara nauyi alminiyom ne wanda masu zubin tukwane ke nema, mai nauyi da laushi launin toka dalma ce a kai ta wurin batir. In ka bar su a haɗe kuɗin baƙin ƙarfe za a ba ka a kan duka, ribar ɗan gwangwan ke nan.

Wayar wuta ba a ƙona ta. Na san haka ake yi a bola, amma robar jikinta in ta ƙone hayaƙin yana da mugun dafi, kuma jan ƙarfen da aka ƙona ya yi baƙi kuɗinsa bai kai na feraye ba. Ka shanya wayar a rana ta yi laushi, ka kafa wuƙa a jikin katako bakinta ya ɗan leƙo, ka riƙa jan wayar ta kai tana tsagewa. Sirara sosai da ba za su feru ba a sayar da su da rigarsu. Ka kankara ka gani kuma, akwai waya mai arha da alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama.

Roba ka juya gindinta za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. 1 gorar ruwa da lemo, 2 jarka da makamantanta, 5 yawancin bokiti da kujerun roba, 4 leda irin ta fiya wata, 3 bututun ruwa. Masu niƙa ba sa son a cakuɗa, musamman lamba 3 tana ɓata musu sauran. In babu lamba ka raba da ido, gora daban, roba mai tauri daban, leda daban. A zubar da ruwan ciki a take gora ta lotse don buhu ya ci da yawa. Gora mai tsafta da murfinta masu zoɓo da kunun aya suna saye da ƙirga, amma wadda aka taɓa zuba fetur, kalanzir ko magani ba ta zuwa wurinsu. A Kano masu tara roba suna kaiwa masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai.

Kwali a buɗe a shimfiɗe a ɗaure da igiya. Kwalbar lemo mai komawa kamfani a mayar wa mai shago, sauran masu turare da man shafawa da zuma suna saye. Fasasshen gilashi a zuba a kwali biyu a rubuta a jiki, kar a saka a buhu, masu tsintar bola da hannu suke tonawa.

9. In za a rushe ginin

Kafin diga ta taɓa bango a cire ƙofofi, tagogi, ƙarfen taga, kwanon rufi, katakon rufi, tankin ruwa, famfo, tayil ɗin da zai ɓanɓaru, soket da waya. Ƙusar kwano zare ta ake yi, in aka fizge kwanon ya yage ya koma kilo. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna duk ana cinikin irin waɗannan. Mita da wayar da ta taso daga fal ba na mai gida ba ne, na kamfanin wuta ne, ka bar su. A gidan ƙasa azara mai lafiya tana sake yin wani rufin, tsohuwar ƙasar bango magina na sake kwaɓa ta, ɓaraguzan bulo kuma masu ciko har roƙonsu suke, sai dai a tabbata babu leda da shara a ciki.

Asbestos shi ne babban abin tsoro, rufi ko silin mai launin toka kamar siminti, ya cika tsofaffin kwatas na gwamnati da gidajen GRA. In yana zaune lafiya ba ya komai, ƙurarsa ce ke shiga huhu ta kawo cutar kansa, kuma sai bayan shekara 20 zuwa 40 take bayyana, shi ya sa leburori ke cewa ai mun saba. In ba ka da takunkumi mai matatar P100 (N95 bai isa ga asbestos ba) da kayan rufe jiki ka ce ba za ka yi wannan ɓangaren ba. In za a yi, a jiƙa shi sharkaf, a kwance ƙusa a sauko da shi ɗai-ɗai da hannu ba jefowa ba, babu zarto babu guduma babu tsintsiya, a naɗe a leda mai kauri ninki biyu, a tuntuɓi hukumar muhalli ta jiha ko ofishin NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli ta tarayya, kan inda za a binne. Kar a ba kowa ya rufa akurkin kaji da shi, kar ya shiga ciko. Kayan da aka yi aikin da su a cire a wurin a jiƙa, ba a kai wa iyali wanki.

10. Ciniki

Farashin kilo yana hawa yana sauka, don haka ranar da za ka sayar ka tambayi mutum uku. In kayan sun kai lodin mota ka kai wa dila da kanka, in kaɗan ne kuɗin mota zai cinye ribar, sayar wa na ƙofar gida. Sikelinsu ka gwada shi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 cike ya kamata ta nuna kilo 20 da ɗan nauyin jarkar, in ta nuna 17 ka san inda aka dosa. In ba ka da sikeli ka ari na mai gas ko mai sayar da hatsi. Masu tsada a fara aunawa, kowane buhu a rubuta kafin a sauke. Kuma duk abin da ya yi kama da kayan gwamnati, murfin kwalbati, wayar taransifoma, ƙarfen dogo, ko a gidan ka same shi kar ya hau motarka, ka nuna wa masu gida da mai unguwa.

11. Ragowar shara da miƙa makulli

Ganye, toka, kashin awaki da na kaji da ragowar abinci taki ne, manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar irinsa zuwa gona, ka tsince leda da gilashi da batir ka kira mai lambu. Abin da ya rage na ainihin shara a ɗaure a buhu. Ba a ƙonawa, ba a zubawa a kwata ko kududdufi ko kangon maƙwabci, abin da ke toshe magudana ke nan ruwa ya shiga gidajen mutane a watan Agusta. A Kano ka tambayi ma'aikatan REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, wurin zuba shara da aka amince da shi mafi kusa, a wani gari ka tambayi sashen tsafta na ƙaramar hukuma. Direba ko mai kura in ka biya shi duka tun a ƙofar gida, lungu na biyu zai juye, don haka ka ba shi rabi, yaronka ya bi shi, ko ya turo hoton wurin da ya zuba sannan ya karɓi cikon.

Daga nan a yayyafa ruwa a share, a bi tsakar gida da maganaɗisu a ɗaure a igiya ya tsince ƙusoshi, a sake leƙa saman silin da bayan ƙofofi da cikin tanki. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki daga inda ka ɗauka da farko, ku zauna da wakilin gida da littafi, ga abin da aka sayar da kuɗinsa, ga abin da aka bayar da wanda aka ba, ga kuɗin mota da na yara. Ya ƙirga ya sa hannu gaban shaidan nan na farko, sannan ka ba shi makullinsa.